Kyamara mai ganin zafi a garin da ƙasa ta fi mutum zafi

Wani dattijo da nake girmamawa yana da garken shanu a gonarsa da ke kan hanyar Dass, ba nisa da garin Bauchi. Da ɓarayi suka kore masa bijimai biyu a dare ɗaya, 'ya'yansa suka yi karo-karo suka sayo masa kyamarar da aka rubuta a kwalinta cewa tana hango mutum cikin baƙin duhu daga nisan kilomita guda. Yaron da ya zo ɗaurawa ya ji tausayin kayan tsada, ya ce ƙurar hunturu za ta cinye ta, sai ya sa aka ƙera mata ɗan akwati mai gilashin taga a gaba. Aka kunna, allo ya yi toka-toka, babu saniya babu makiyayi, sai wata inuwa a tsakiya wadda daga baya muka gane kyamarar ce take kallon kanta. Nan aka aiko a kira ni.

"Malam, ko dai jabu aka sayar wa yaran nan?" in ji dattijon.

"Ranka ya daɗe, kafin mu ɗauki alhakin mai kanti, bari a cire gilashin nan tukuna."

Ana cirewa sai ga shanu fari tas a allo. Wata ta tashi daga kwance, amma siffarta na nan shimfiɗe a ƙasa da sauran ɗumin jikinta, kamar an zana ta da alli. Dattijon ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya ce, "Ikon Allah."

Wannan matsalar sukudireba kawai ta ci. Wadda ta fi ta wuya sai cikin Afrilu ta ɓullo, lokacin da ya aiko cewa hoton ya koma dishi-dishi, kuma da almuru sai makiyayi ya tsaya a tsakiyar fili kyamara ta kasa raba shi da ƙasar da yake takawa. Babu abin da ya lalace a cikinta. Hukuncin an yanke shi ne tun a teburin wanda ya tsara ta, ranar da ya zauna gaban kwamfuta yana zaɓar abin da zai kashe wa kuɗi da abin da zai bari. Irin waɗannan na'urori a kwamfuta ake fara gina su, a gwada su, a rushe, a sake, kafin a yanka ko da lensi ɗaya, domin kayan da ake yin su da shi sun fi ƙarfin a ce bari mu gwada mu gani.

Duk wanda ya taso yana murɗa rediyo yana laluben BBC ko Muryar Jamus a gajeren zango ya riga ya san rabin karatun. Haske da igiyar rediyo 'yan gida ɗaya ne, tsawon zango ne ya raba su. Na rediyo da mita ake auna shi, mita 19, mita 25. Na haske kuwa da maikiron, wato kashi 1 cikin 1000 na milimita. Idon ɗan Adam yana kama daga maikiron 0.4 zuwa 0.7 ne kacal, kuma ja shi ne na ƙarshe a layin. A shekarar 1800, William Herschel, masanin taurari a Ingila, ya raba hasken rana launi-launi yana auna zafin kowanne, da ya gota ja ya ajiye ma'auninsa a inda ido ba ya ganin komai, sai ya ga zafin ya ƙaru. Wannan hasken da ke bayan ja shi ake kira infirared.

A kasuwa ana yawan cakuɗa abu biyu a nan. Kyamarorin tsaro da suka cika shagunan Wunti da Muda Lawal, masu 'yan fitilu jajaye kewaye da ido, su ma infirared suke amfani da shi, amma na kusa da ja, wajen maikiron 0.85. Su ne ke haska wurin da fitilarsu, sannan su ɗauki abin da ya dawo, kamar mai tocila. Rimot ɗin talabijin ma haka yake. Ka nuna shi ga kyamarar waya ka danna, a wayoyi da yawa za ka ga ƙyallinsa. Irin wannan haske yana ratsa gilashi lafiya lau. Kyamarar dattijon kuwa ba ta haska komai. Kowane jiki yana fitar da haskensa gwargwadon zafinsa, kuma akwai lissafi mai sauƙi na gano zangon da ya fi fitarwa: ka ƙara 273 a kan digirin zafin, ka raba 2898 da abin da ka samu. Fatar mutum mai digiri 33 za ta ba ka maikiron 9 da rabi. Wannan shi take kamawa, shi ya sa da dare bunaji fari da rahaji ja duk ɗaya ne a wurinta.

Iska ba kowane zango take bari ya wuce ba. Tururin ruwa yana shanye abin da ke tsakanin maikiron 5 da 8, sai aka bar masu ƙira da tagogi biyu, ɗaya daga 3 zuwa 5, ɗaya daga 8 zuwa 14. Ta farko akasari ta jiragen yaƙi ce da manyan na'urorin bincike, domin sensar da ke aiki a can sai an sanyaya ta zuwa wajen digiri 196 ƙasa da sifili da wani ɗan injin sanyi mai tsada. Ta biyu ita ce ta iso hannun talaka, albarkacin wata sensa da kamfanin Honeywell ya ƙera wa sojan Amurka a shekarun 1980, aka fitar da ita daga sirri a 1992. Dubban 'yan ƙananan faifai ne a jere, kowanne hasken da ya sauka a kansa yana ɗumama shi kaɗan, ɗumin ya sauya yadda lantarki ke bi ta cikinsa. Ɗan ƙas ɗin da ake ji lokaci-lokaci hoto ya tsaya cak na ƙiftawar ido, wani marfi ne ke rufewa a ciki domin duk faifan su kalli abu guda su daidaita sahu.

To da me za a yi lensi tunda gilashi ya zama katanga? Yawanci da jamaniyam. Ka riƙe shi a hannu, kamar gutsuren ƙarfe ne mai sheƙi, ko tsakar rana ka ɗaga shi ba ka ganin komai ta cikinsa, amma ga hasken zafi tamkar ruwan rijiya ne. Ƙarfinsa na tanƙwara haske ya kai 4, alhali na gilashi 1.5 ne. Alherin wannan shi ne lensi biyu ko uku marasa zurfin lanƙwasa sun ishe ka, inda kyamarar waya ke jera shida ko bakwai. Sharrinsa kuma, kowace fuska tana mayar da kashi 36 cikin 100 na hasken baya, ta yadda in ba a yi masa wani siririn shafi na musamman ba, ko rabi ba ya wucewa. Fuskar da ke waje kan sami shafin kabon mai tauri irin na lu'ulu'u saboda yashi, wato abin da yaron nan ya ji wa tsoro an riga an yi maganinsa. Ga tsada. Ƙasar Sin ce ke samar da mafi yawan jamaniyam na duniya, kuma tun watan Agustan 2023 ta sa sai da izini ake fitar da shi.

Mai ƙira na ƙwarai ba da lensi yake farawa ba, da tambaya yake farawa: me kake son gani, daga ina, kuma ganin wane iri? Mu ɗauki alƙaluman kyamara irin ta dattijon. Kowane ɗigo a sensarta, wato kowane ɗan faifai, faɗinsa maikiron 12 ne, lensin kuma yana tattara haske a tazarar milimita 25. Ka raba na farko da na biyu, ka ninka da nisa. A mita 100 ɗigo ɗaya yana ɗaukar kusan santimita 5 na fili. A kilomita guda yana ɗaukar kusan rabin mita. Ke nan ƙato mai tsayi a wannan nisan ɗigo uku ne da 'yan kai a tsaye, ɗaya a kwance. Kwali bai yi ƙarya ba, za ka ga wani abu fari yana motsi. Ɓarawo ne, maraƙi ne, ko jakin maƙwabci, wannan kuma sai Allah.

Tun 1958 wani mai bincike a rundunar sojan Amurka, John Johnson, ya auna wannan da idanun mutane, ya raba gani hawa-hawa. Tsinkayo cewa akwai wani abu yana bukatar wajen ɗigo 2 a faɗin abin. Gane cewa mutum ne ba dabba ba, wajen 8. Tantance wane irin mutum, mai sanda ne ko mai bindiga, wajen 13. Kuma ko a hakan rabin masu kallo ne ke dacewa. In ka maida wannan kan kyamararmu, ka ɗauki girman mutum santimita 75, tsakanin tsayinsa da faɗinsa, kamar yadda aka saba a wannan lissafin, ganewa tana tsayawa ne a kusan mita 200, tantancewa a kusan 120. Masu talla lambar farko suke bugawa da manyan haruffa, mai shanu kuwa ta biyu da ta uku yake bukata. Sai ka ce to a ƙara tsawon lensin zuwa milimita 50. An yi, nisa ya ninka. Amma faɗin filin da take gani, wanda da ma bai wuce mita 18 ba a nisan mita 100 in ɗigo 384 ne a jere, ya koma 9, kuma lensin ya ninka faɗi, jamaniyam ɗin da zai ci ya ninka sau da yawa. Duk inda ka ja bargon nan, wani gefen ne ke buɗewa.

Daga nan ake shiga manhaja. Zemax da CODE V su ne suka fi suna. Kana zana lensin a ciki, kaurinsa, lanƙwasarsa, tazararsa, sai kwamfuta ta harba dubban zaren haske daga kowane lungu na fili, ta bi kowanne tana lissafa inda zai karkata har ya sauka kan sensa. Ka gaya mata abin da ka yarda ta taɓa da abin da kake nema, ita kuma ta yi ta sassaƙa alƙaluma har zaren su taru wuri guda. Gwajin da aka fi dogara da shi kamar kallon saƙi ne daga nesa: kusa kana ganin ratsin baƙi da fari, kana ja da baya suna narkewa har zanen ya koma toka. Manhaja tana gaya maka a wane sirantar ratsi lensinka zai sallama. Akwai kuma iyakar da ba ta da magani. Haske ba ya taruwa a tsinin allura, dole ya ɗan bazu, kuma bazuwar tana bin tsawon zango. A maikiron 10, da lensin da faɗinsa ya yi daidai da tazararsa, wanda masu hoto ke ce wa F1, ɗigon mafi ƙanƙanta maikiron 24 ne, faɗin faifai biyu ke nan. Ka tsuke lensin zuwa F1.4 don rage kuɗi, bazuwar ta ƙaru, hasken ya ragu da rabi, sensar da ke iya raba kashi 1 cikin 20 na digiri ta koma kashi 1 cikin 10.

Yanzu ga inda Bauchi ta shigo maganar. Idan ka buɗe Zemax ba ka taɓa komai ba, tana ɗauka cewa duniya digiri 20 take. Jamaniyam kuwa ba ya jure sauyin zafi. Duk digiri ɗaya ƙarfinsa na tanƙwara haske yana ƙaruwa da kusan 0.0004, wanda ya ninka na gilashin kyamara sau ɗari ko fiye. Zafi na hawa, wurin da haske ke taruwa yana matsowa kusa da lensin, bututun alminiyam da ke riƙe da shi kuma yana miƙewa yana tura sensa baya. Kowa ya kama gabansa. Kyamarar dattijon da hannu ake murɗa saitinta, kuma cikin daren hunturu muka saita ta, a ce digiri 15. A ce kuma a ranar Afrilu, tana kan turken ƙarfe ba inuwa, jikinta ya kai 45. Lensin jamaniyam na milimita 25 a cikin alminiyam, wannan tazarar ta digiri 30 tana gusar da saitinsa da wajen maikiron 110, kaurin gashin kai ɗaya da ɗoriya. Abin da zai iya haƙura da shi hoto bai ɓaci ba maikiron 20 ne. Ya wuce gona da iri sau biyar.

Magani akwai, kuma a kwamfuta ake samo shi. Ana haɗa jamaniyam da wani abin da zafi bai cika damu ba, kamar gilashin kalkojinaid da ake zubawa a mazubi, ta yadda kuskuren wannan zai cinye na wancan. Ko a yi bututun hawa biyu da kayan da miƙewarsu ta bambanta, yana tura lensin da kansa daidai yadda ake so. Ko a sa ɗan mota da ma'aunin zafi. Mai ƙira yana buɗe kwafin zanensa a zafi uku ko huɗu a lokaci guda, ya tilasta wa manhaja ta samo siffa ɗaya da za ta gamsar da su duka. Kyamarori masu kyau an yi musu haka, daga sanyin ƙanƙara har zafin da ya wuce namu. Masu araha kuwa a nan ake rage kuɗin, kuma ba a rubuta shi a gaban kwali. Ni a ganina duk mai sayen irin wannan kaya a Arewa, wannan ce tambayar da ya kamata ya fara yi, tun kafin ya tambayi yawan ɗigo.

Ɓacewar makiyayi da almuru kuma ba laifin lensi ba ne sam. Kyamarar nan bambanci take gani. A daren hunturu ƙasa ta yi sanyi, mutum na tafe kamar fitila. A bazara da tsakar rana ƙasa ta fi shi zafi nesa ba kusa ba, sai ya fito baƙi a kan fari. Tsakanin waɗannan biyun dole a sami lokacin da zafin ƙasa zai ratsa ta daidai na jikinsa da rigarsa, sau ɗaya da hantsi tana hawa, sau ɗaya da yamma tana sauka. A wannan ɗan tsakanin ko wace irin kyamara ce sai ta lalube. Duwatsun da suka kewaye Dass sun ƙara dagula lissafin, domin dutse ba ya sakin zafi da wuri kamar yashi, yana nan fari a allo har dare ya raba, wanda ya jingina da shi ya sami mafaka. Teburan nisa da kamfanoni ke bugawa galibi suna ɗauka cewa mutum ya fi bayansa da digiri 2 ko fiye, ko yaushe.

Ka kai tunanin nan Yankari ka ga yadda yake ƙara rassa. Ruwan Wikki digiri 31 yake rani da damina, dab da zafin fata. Cikin sanyin asuba zai haska a allo kamar an kunna shi, amma wanda ya nutsa ciki ya ɓace ɗungurum, domin hasken zafi ba ya ratsa ko da siririn ruwa, saman kawai ake gani. Mai son ƙirga giwaye daga sama da jirgi marar matuƙi, ko tsare gonakin ƙauyukan gefen dajin da suke shiga, sai ya san cewa ganyen itatuwan bakin kogin Gaji rufi ne, giwar da ta yi wanka da taɓo kuma ta shafe zafinta. Shi ya sa masu irin wannan ƙirga suke fita kafin fitowar rana. Duk waɗannan ana iya saka su a kwaikwayon kwamfuta, a ba kowane abu zafinsa sa'a bayan sa'a, a ga hoton da kyamarar za ta bayar tun ba a saye ta ba.

Sai iskar da ke tsakani. Manhajar MODTRAN, wadda ta samo asali daga binciken sojan saman Amurka, ita ake tambaya nawa ne zai tsira daga hasken bayan tafiyar kilomita kaza. Tana zuwa da samfurin yanayi shida, ciki har da na ƙasashe masu zafi, wanda jiƙe yake da tururi. Wannan ya yi kama da Agustanmu, lokacin da laima ke rage wa kyamara nisa ko da ido na ganin garau. Janairu kuwa akasin haka ne, iska a bushe ƙayau, sai hazo. Ƙurar mai laushi ta fi tare hasken ido fiye da dogon zango, don haka ranar da jirgi ya kasa sauka saboda hazo, kyamarar zafi tana iya gani fiye da kai. Amma kada a ɗauka kyauta ce. Kaso mai yawa na ƙurar hunturu daga ƙwarin Bodele na ƙasar Chadi yake tasowa, busasshen gindin tsohon tafki, kuma silika ce ta yi yawa a cikinta, ita kuwa silika tana shan haske a wajen maikiron 9 zuwa 10, tsakiyar tagar da muke leƙe ta ciki. Wanda ya danna samfurin ƙasashe masu zafi ya tafi, ya yi wa Fatakwal lissafi ne, ba Bauchi ba.

A nan nake ganin ɗalibanmu na kimiyyar lissafi da injiniya a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Gwallameji suna da abin yi wanda ba ya bukatar masana'anta. Yanka jamaniyam sai injin mai bakin lu'ulu'u, wannan a bar shi tukuna. Amma auna zafin yashi, dutse, kwano da bangon laka kowace sa'a daga Disamba zuwa Mayu, a haɗa da alƙaluman laima na hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, ma'aunin zafi da littafi da naci kawai yake so. Sai dai a kula da tarkon da masu gyaran wuta da masu haɗa sola suka sani: ƙarfe mai sheƙi ba ya fitar da zafinsa, na kewaye yake maidowa kamar madubi, sai wayar wuta tana ƙuna na'ura ta ce lafiya. Ana manna masa baƙin tef ne a auna kan tef ɗin.

A gonar dattijon dai ba mu sayi komai ba. Muka tumɓuke turken muka dawo da shi inda ƙofar garke da hanyar da ta ɓullo daga rafi ba su wuce mita 120 ba. Yaron nan ya yi mata 'yar rumfar kwano a sama, gaba a buɗe wannan karon. Muka jira har ƙarfe biyun dare, lokacin da ɓarayin suka zo wancan karon, muka tura makiyayi bakin rafi da sandarsa, na yi ta murɗa zoben saitin lensin har sandar ta fito. Na ɗiga jan fenti a wurin, na nuna wa yaron tsohon wurin na ɗiga fari, na ce in hunturu ya kama ya maida shi can. Na yi wa dattijon bayanin almuru, cewa wannan kam babu zoben da za a murɗa.

"Ba komai, Malam," in ji shi. "Lokacin ai yara ba su kwanta ba, karnuka ma suna nan."